Furfura ba analiz ba ce

Akwai wata magana da na tsana fiye da zagi, kuma ba da tsawa ake faɗinta ba. A hankali ake faɗinta, da sassauta murya, kamar mai yi maka alheri: "Ai tsoho ne, ba zai ɗauki aiki ba. Ku maida shi gida ku yi ta yi mishi addu'a."

Ina lise aka faɗa ma babana ita a kan kakana. Kakana yana da ƙaba tun ban san kaina ba. Kowa a gidan ya sani, ba mai magana, don abin yana wurin da ba a ambata gaban yara. In ta fito sai ya kwanta ya tura ta da hannu ta koma. Wata ranar kasuwa, bayan la'asar, ta fito ta ƙi komawa. Ya kwana yana amai. Da safe aka ɗora shi a amalanke zuwa likitar ƙauyenmu, majo ya duba, ya sa mishi ruwa, ya rubuta takarda, ya ce wannan sai babban asibiti. Kafin a haɗa kuɗin esans na ambilans an yi azahar. Da aka isa, wani mai farar riga ya ɗaga zane, ya taɓa cikin, ya karɓi katin ɗan ƙasa, ya dubi shekarar haihuwa, ya dubi gemu. Bai kai minti biyar ba ya faɗi maganar nan. Babana ya yi mishi godiya. Wannan godiyar ce har yau take cina. Kwana huɗu kakana ya yi a gida, ciki ya kumbura kamar ganga, ko ruwa ba ya zama, sannan Allah ya karɓi abinsa.

A daminar shekarar nan shi ya nome gonarsa da hannunsa, noman fari da maimai. Sallar asuba ba ta wuce shi a masallaci. Ranar da abin ya same shi da ƙafa ya je kasuwa ya dawo. Ba wanda ya tambayi ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Yanzu da nake karatun likita ba zan rantse muku cewa da an shiga da shi bulok da ya tashi ba. Hanjin da ƙaba ta shaƙe yana iya mutuwa cikin ƴan awoyi, shi kuwa nasa ya kwana ya wuni. Abin da nake faɗi shi ne an yanke mishi hukunci ba a yi shari'a ba. Kuma har gobe ana yanke irinsa, a bakin masu farar riga da a bakinmu mu dangi.

Mu fara da shekarun ma da ake kafa hujja da su. Ku je ku ɗauko katin kakanninku ku duba. Nawa ne a cikinsu aka rubuta ma rana da wata? Yawanci "né vers" za ku gani, an haife shi wajajen shekara kaza, ko kuwa 1 ga Janairu, ranar da in ka bi takardu sai ka ɗauka rabin tsofaffin Nijar a cikinta aka haife su. Wani ma'aikaci ne ya dubi fuskar mutum ya ƙiyasta. Wani an rage mishi don ya shiga lakkol ko ya samu aiki, wani an ƙara mishi. Ka tambayi tsohuwa shekarunta ta ce maka ranar da sojoji suka kifar da Diori a 1974 tana goyon ɗanta na biyu, sauran lissafin naka ne. To, lambar da aka samo ta haka, da ita za a rufe ma mutum ƙofar ɗakin tiyata? Ko a ƙasashen da ake rubuta har mintin da aka haifi jariri, likitocin tsofaffi sun daɗe suna cewa shekaru su kaɗai ba ma'auni ba ne. Balle mu.

Wani abokin karatuna ya taɓa ce mini, yana dariya, ai matsakaicin rai a ƙasar nan shekara 60 da ƴan kai ne, wanda ya kai 70 riba yake ci. Wannan jahilcin lissafi ne, kuma abin kunya ne a bakin wanda ya ci bak. Mutuwar ƙananan yara ce take jawo wannan lambar ƙasa. Mutumin da ya tsallake ƙyanda da masassara yana yaro, ya tsallake yunwar 1973 da ta 1984, ya kai 65 yana tsaye, lissafin nan da kansa yana ba shi fiye da shekara 10 a gaba. Shekara 10 ba riba ba ce ta wasa. A cikinsu ake aurar da auta, ake raba gardamar iyakar gona da ba wanda ya san asalinta sai shi.

Abin da ya kamata a auna yana da suna. A faransanci malamanmu suna cewa fragilité. Ni dai raunin tsufa nake ce mishi, ko gajiyawar jiki. Hanya mafi sauƙi da na samu ta bayyana shi ga mutanen gida ita ce rumbu. Rumbu biyu na iya tsayawa gefe da gefe, jinkar kowanne ta tsufa ta yi baƙi, amma ɗaya cike da hatsi, ɗaya sai ƙaiƙayi. A shekarar wadata ba ka gane bambancinsu, kowane gida ana ɗora tukunya. Sai fari ya zo. Jikin mutum yana da ajiya irin wannan a zuciya, a huhu, a ƙoda, a tsoka, a ƙwaƙwalwa. Aikin gaggawa kuwa shekarar fari ce: ciwon kansa ya ci nasa, amai da rashin ruwa sun ci nasu, maganin barci ya sauke tansiyo, wuƙa ta zubar da jini, sannan a kwana biyar ba a ci abinci ba. Mai ajiya zai ɗebo ya biya. Wanda rumbunsa ya ƙare tun kafin ciwon, ƙaramin abu ne zai kada shi, kuma in ya faɗi da wuya ya koma inda yake. Furfura jinka ce. Daga waje ake ganinta.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba, kuma ba sabon abu ba ne. A 2001 wata likita a Amurka, Linda Fried, da abokan aikinta suka ware alamu biyar: ramewa ba da niyya ba, yawan jin gajiya, raunin damƙar hannu, tafiya a hankali, da ƙarancin motsa jiki. Wanda ya haɗa uku ko fiye, rauni ya kama shi. Amma ba ka iya auna saurin tafiyar mutumin da yake murƙususu a kan gado da ƙarfe biyun dare. Shi ya sa a ɗakin irjans aka fi amfani da ma'aunin Kenneth Rockwood na jami'ar Dalhousie a Kanada, wanda ya fito a 2005 da mataki 7, daga baya aka maida shi 9. Takarda ɗaya ce tal. Mataki na 1 zuwa na 3, mutum yana tafiyar da rayuwarsa da kansa, ko da yana da ciwon da yake shan magani. Na 4, ya fara sanyi, yana yawan kukan gajiya, amma bai dogara da kowa ba. Na 5, sai an kama mishi a manyan hidimomi kamar fita nesa da aiki mai nauyi. Na 6, har wanka sai da taimako. Na 7, komai na jikinsa yi mishi ake. Na 8 da na 9, ƙarshe ya matso. Sharaɗi guda ne, kuma shi ne ake mantawa: ba yadda kake ganin mutum a kan gadon irjans za ka auna ba. Yadda yake mako biyu kafin ciwon nan ya faɗo mishi, shi ake tambaya. Kowane mai toshewar hanji, ko ɗan shekara 25 ne, kamar gawa yake a daren da aka kawo shi.

A Birtaniya an bi tsofaffi 937 masu shekara 65 zuwa sama, a asibitoci 49, waɗanda aka buɗe ma ciki cikin gaggawa. Ɗaya cikin biyar ne aka samu da raunin nan. Ku lura da kyau: huɗu cikin biyar ba su da shi. Kuma haɗarin mutuwa bayan aiki yana hawa ne tare da matakin rauni, ko da an cire tasirin shekaru daga lissafin.

Za ku ce ai muna da ASA, ma'aunin masu sa barci na Amurka da ake amfani da shi tun 1941, kowane ɗalibi ya iya rubuta "ASA 3" a kan dosiye. Gaskiya ne, kuma yana da amfani. Amma cututtukan da aka sani yake ƙirgawa. Mu kuwa sau nawa muke rubuta "ba ya da wani tsohon ciwo" a kan mutumin da tun da aka haife shi ba a taɓa ɗaura mishi abin awon tansiyo ba? Ba ciwon ne babu ba, ba a taɓa nema ba ne.

Sai dai in muka kwafo takardar Kanada muka karanta ma mutanen Tasawa ko na Madawa yadda take, mun yi aikin aku. Tana maganar lissafin kuɗi, da hawan bene, da dafa abinci, da aikin gida. Tsohon da yake da mata biyu da surukai uku bai taɓa ɗora tukunya ba a rayuwarsa, ba don ba ya iyawa ba. Tsohuwar da jikoki suka cika ma gida an hana ta zuwa rijiya don girmamawa. In ka tambaya "yana yi?" za a ce a'a, ka rubuta rauni inda babu. Tambayoyinmu suna nan a gabanmu, ba sai mun aro ba. Daminar bana ya shiga gona, ko a gindin itace yake zama yana nuni? Masallacin Juma'a da ƙafa yake zuwa, ko sai an ɗauke shi a moto, ko ya daina zuwa? Tana daka? Tana tashi daga tabarma ba a miƙa mata hannu ba? Bayan gida shi kaɗai yake zagayawa? Wandonsa ya yi mishi yawa a shekarar nan? Ya faɗi a ƴan watannin nan? Yana gane mutane, yana riƙe lissafin bashin da yake bi? Kuma babbar tambayar da likitan Kanada ba ya da irinta: salla a tsaye yake yi ko a zaune, kuma tun yaushe? Mutumin da yake ruku'u da sujada ya miƙe da kansa, raka'a 17 kowace rana, ya riga ya yi maka gwajin ƙarfin cinya da na numfashi da na daidaiton jiki, kyauta, ba ordonans. Wanda ya koma salla a zaune tun bara, daga baya ya koma a kishingiɗe, shi ma ya faɗa maka abin da eko ba za ta faɗa ba.

Wa za a tambaya kuma? Nan ma muna kuskure. Wanda ya fi kowa babbar riga shi muke fuskanta, babban ɗa da ya sauko daga Yamai da makullin mota a hannu, wanda rabonsa da ganin uban tun sallar layya. Shi zai ce "Baba lafiyarsa lau" ko ya ce "Baba ai ya gaji", duka biyun daga nesa. Wadda ta sani tana can rakuɓe a bakin ƙofa da buta da ƙullin kaya: suruka ko jikanyar da take kai mishi ruwan alwala, take wanke zanen gadonsa. Ita ta san ko yana cinye tuwonsa. Ba mai kiranta.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka cewa nake a yanka duk tsohon da aka kawo. Ɗayan laifin ma na gan shi da idona a wani dare na gardi, kuma bai fi na farko kyau ba. Tsohuwa ce, shekara biyu tana kwance tun da ɓarin jikinta ya shanye, ba ta gane ƴaƴanta, sai an ɗura mata koko, ga gyambon kwanciya a ƙugu. Hanji ya toshe. Ƴaƴan suna da hali, babbansu ya ce ko nawa ne a yi, kada a ce sun bar uwarsu don kuɗi. Aka yi. Ba wanda ya zaunar da su ya ce musu mace a wannan matakin, ko an gyara hanjin, huhunta da ƙodarta ba su da abin da za su biya da shi. Kwana tara ta yi da roba a hanci da roba a mafitsara, an ɗaure hannunta a jikin gado don tana fizge su, ta rasu a ɗakin da ba a barin dangi su shiga sai minti kaɗan. "Kada a ce" ne ya kai ta bulok, ba ƙaunarta ba, ko da yake su ƴaƴan ba su san haka ba, kuma ban ga laifinsu kamar na wanda ya karɓi sa hannunsu bai yi musu bayani ba. Ita da kakana abu ɗaya ya same su. Shi an dubi gemu an ce a'a, ita an dubi aljihu an ce to.

Kuma awon rauni ba don a raba mutane gida biyu ake yinsa ba, na yanka da na sallama. Tsakanin "a yi" da "a bari" akwai hanyoyi da yawa, kuma matakin mutum ne yake nuna wadda za a bi. Ƙabar da ta maƙale, wani lokaci ana iya yinta da allurar baya ko ta kashe wurin kawai, ba sai an sa mutum barci gaba ɗaya ba. Hanjin da ya murɗe ya ruɓe, maimakon a yanke a ɗinke a zauna fargabar ɗinkin ya ɓalle, ana iya fito da bakinsa ta gefen ciki a sa jaka, aiki gajere, a bar gyara sai ya murmure. Awa biyu ko uku na ƙarin ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ana duba fitsari yana fita, ana auna jini da suga da aikin ƙoda, suna iya sauya mutum kafin wuƙa ta taɓa shi. In rauni ya nuna, babban likita ne ya kamata ya riƙe wuƙar, ba a bar ma mai koyo ba don dare ya yi. Wanda kuma aka ga aiki ba zai amfane shi ba, ba "ku tafi" ne haƙƙinsa ba. Roba a hanci tana zuƙe abin da ya taru tana tsayar da amai. Akwai maganin zafi mai ƙarfi. Kakana ko wannan bai samu ba.

Wani abin da ba ma son ji, mu masu mafarkin zama manyan masu tiyata: ba a kan tebur mutane suka fi mutuwa ba. A 2018 mujallar Lancet ta buga binciken da Bruce Biccard na Afirka ta Kudu ya jagoranta, majinyata fiye da 11,000 a ƙasashe 25 na Afirka. Majinyatanmu sun fi na sauran duniya ƙuruciya da ƙarancin tsofaffin cututtuka, amma haɗarin mutuwarsu bayan aiki ya ninka. Kuma fiye da 9 cikin 10 na waɗanda suka mutu, bayan ranar aikin suka mutu, a ɗakin kwanciya, inda tansiyo take sauka da dare ba wanda ya auna. In haka abin yake ga matasa, ina ga mai raunin tsufa? Shi ne wanda zai kwanta shiru huhu ya cika, ƙoda ta tsaya, jini ya daskare a ƙafa. Shi ne wanda a dare na biyu zai fara sambatu, ya ce ga mutane a kan bango, ya zagi ƴarsa. Dangi su ce aljannu ne ko tsufa ya taɓa kai, ma'aikaci ya ce a ɗaure shi. Alhali wannan ruɗewar alama ce, sau da yawa ciwo ne yake ruruwa a ciki, ko fitsari ya taru, ko iska ta yi ƙaranci a jini, ko wani magani ne. In an san tun daga ƙofa cewa mutum yana mataki na 5 ko na 6, sai a ajiye gadonsa kusa da teburin ma'aikata, a riƙa auna shi a kai a kai, a zaunar da shi tun washegari, a maida mishi tabarau da casbi, a bar fuskar da ya sani kusa da shi. Ko ɗaya a cikin waɗannan ba a sayo shi daga Faransa.

Na san amsar da za a ba ni, don an sha ba ni ita a bakin ɗakin gardi. Ba lokaci, ba ma'aikata, ba gadon reya, wani lokaci ko ledar jini ɗaya sai dangi sun zagaya gari. Duk gaskiya ne. Binciken nan na 2018 ya samu cewa ƙwararrun tiyata da na barci da na haihuwa, in an haɗa su, ba su kai ɗaya ga mutum 100,000 ba a asibitocin da aka duba, alhali 20 ake so. Amma wannan hujja tawa ce, ba tasu ba. Wanda yake da gado ɗaya da kwalbar oksijan ɗaya shi ya fi kowa buƙatar sanin wa zai ba. Tambayoyin nan kuma minti biyu suke ci. Mun fi haka muna neman biro a aljihun riga.

Gardamar da ta fi damuna ita ce ta wata ƴar ajinmu. Ta ce kai dai kana ƙera musu sabuwar sanda ne: jiya suna cewa "tsoho ne", gobe za su ce "mataki na 6 ne", ƙofar dai a rufe. Tana da gaskiya a tsoronta. Lamba tana da daɗin ɓoyewa a bayanta. Kuma ma'aunin ba a yi shi don kowa ba: wanda shan inna ya gurgunta tun yarinta, ko makaho, taimakon da ake yi mishi ba alamar rumbu ya ƙare ba ne, shi ya sa a lokacin korona a 2020 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta gyara umarninta ta ce kada a yi amfani da shi a kan masu irin wannan naƙasa da ƴan ƙasa da 65. Amma ga bambancin. Wanda ya rubuta mataki na 6 dole ya faɗi dalili, kuma suruka tana iya cewa ƙarya ne, jiya ma shi ya ɗaure akuyarsa. "Tsoho ne" ba ta da ƙofar da za a shiga a ƙaryata ta.

Sai masu cewa ajali. Ba ni da ja da ajali. Malamanmu na zaure sun karantar da mu cewa an umarce mu da neman magani, kuma tsufa ne kaɗai ba ya da shi. To, wa ya kawo tsufa asibiti a yi mishi magani? Hanji ne ya shiga rami ya maƙale, wannan kuwa yana da magani, ana yinsa kullum a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Galmi. Na kuma lura ba a cika tuna ajali ba in ɗan shekara 30 mai kawo kuɗin cefane ne a kwance. Sai a sayar da rago, a kira na Libiya da na Abijan. In tsoho ne, tawakkali yakan zo da wuri, tun kafin a ga ordonans ta biyu.

A duk wannan surutun akwai mutum guda da ba a sa bakinsa, shi ne mai cikin. Ana tsaye a kansa ana faransanci, ɗa yana sa hannu, shi yana kallon rufi. Mutumin da shekara 40 ba a yanke magana a gidansa sai da shi. In yana cikin hankalinsa, mi zai hana a durƙusa a ce: Baba, ga abin da ya same ka, in an yi aiki ga abin da muke fata ga abin da muke tsoro, mai yiwuwa ka tashi da jaka a ciki, in ba a yi ba ga yadda za ta kasance, mi kake so? Na ji tsohon da ya ce a yi, in ya mutu a kan tebur ya yafe. Na ji tsohuwar da ta ce ita dai a kashe mata zafin a maida ta ɗakinta. Dukansu sun fi mu sanin abin da suke iya ɗauka. Cewa "kada a tsorata shi" yawanci tsoronmu ne muke rufewa.

Mu ne masu yawa a ƙasar nan. Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba, masu 65 zuwa sama ba su kai 3 cikin 100 ba. Da aka kawo jinya kyauta a 2005 da 2006, tiyatar haihuwa da yara ƴan ƙasa da shekara 5 aka sa a gaba, kuma daidai ne, amma tsoho ba ya cikin lissafin. Ba ya da ƙungiya, ba ya zanga-zanga, ba ya rubutu a Facebook. In an kai shi asibiti, ɗaya daga cikinmu ne yake riƙe da takardun, don mu ne muka yi lakkol. Saboda haka in aka ce maka "tsoho ne", kada ka yi godiya. Ka ce, cikin ladabi: likita, makon jiya yana gona, ga wadda take kula da shi, a tambaye ta. In an ce ba za a yi ba, ka nemi a faɗa maka dalilin da ba shekaru ba, ka nemi abin da za a yi mishi a madadin aikin. Ku kuma da za ku sa farar riga bana ko baɗi, layi ɗaya nake roƙo a saman dosiye, kafin tansiyo, kafin zafin jiki: yadda yake mako biyu da suka wuce, da wanda ya faɗa.

Bara da na je hutu na zaunar da babana na yi mishi wannan bayanin duka, har da rumbun. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce su ba su san ana tambaya ba. A zaman ne ya faɗa mini cewa ƙanen kakana, wanda yake raye, shi ma yana da ƙaba, ya fi shekara 10 yana tura ta da hannu, yana shan ƙwayoyin ciwon jiki na ƴan talla, irin waɗanda suke huda ciki su gajiyar da ƙoda. Na same shi a gona. Tsaye yake salla, da ƙafa yake zuwa Juma'a. Na gaya mishi aikin da aka shirya da rana tsaka, yana da ƙarfinsa, bai kama ƙafar haɗarin wanda za a yi da tsakar dare bayan ta shaƙe ba. Ya ji kunya, ya yi faɗa, ya ce yaran zamani ba su da ta ido. Daga ƙarshe ya ce sai bayan girbi, in dammuna sun shiga rumbu. An gama girbi makon jiya, jibi Laraba zan je in ɗauko shi.